Ranakun Awon da Korona ta Cinye

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙaramin asibitin unguwa da safiyar ranar awo ya san abin da ake gani. Mata a jere kan benci, goyo a cinya, kati a cikin leda don kada ya jiƙe, sikeli a rataye jikin ƙarfen rumfa ko reshen darbejiya, ana zura jariri cikin ɗan wandon awo yana tsala ihu. Mai wucewa zai ɗauka allura kawai aka zo yi. Amma a ɗan lokacin da jaririn zai yi a hannun malamar asibiti, an duba shi ta fuska huɗu ko biyar, wani lokaci ba tare da uwar ta lura ba. An ɗiga nauyinsa a kati an kwatanta da na watan jiya. An janye fatar idonsa an ga ko jini ya yi ƙasa, ko kuma idon ya yi rawaya. An danna bayan ƙafarsa da yatsa an ga ko wurin zai lotsa. In ya wuce wata shida an zagaya damtsensa da tsinken awo mai launi uku. An tambayi uwar, “Maman yaro, yana kama nono sosai? Ya yi gudawa kwanan nan?”

Wannan shi ne binciken lafiyar yara a ƙasarmu. A ƙasashen da kusan kowace haihuwa a asibiti ake yin ta, tun kafin a sallami mai jego an ɗiba jini daga diddigen jariri, an gwada jinsa, an shigar da sunansa rajista. Mu kuwa, binciken lafiya da ƙidayar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuma ko kashi 20 bai kai ba. Yawancin jariranmu a ɗaki ake haifarsu, a yi suna ran bakwai, uwa ta shiga wankan jego. Ranar da idon ma'aikacin lafiya zai fara sauka a kan yaron ita ce ranar da aka kai shi allurar farko. Daga nan sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15. A kan wannan igiya ɗaya muka rataye komai: awon nauyi, ɗigon sinadarin bitamin A, gano tamowa, gwajin sikila a inda ake yi, gwajin jariran da iyayensu mata ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ranar da igiyar ta tsinke, duk kayan tare suke zubewa.

A 2020 ta tsinke.

Abin da aka fara yankewa

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Nijar ta samu nata na farko ranar 19 ga Maris. Ranar 30 ga wata aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya ranar 3 ga Afrilu. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, dokar kulle ta fara aiki ranar 16, sannan ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle jihar gaba ɗaya, ana cikin azumi, ana kuma tsakiyar mace-macen manyan mutane da suka girgiza birnin.

A irin wannan yanayi, kowane shugaban asibiti sai ya zauna ya ware abin da zai iya jira da abin da ba zai iya ba. Mai naƙuda ba ta jira. Wanda ya yi haɗari ba ya jira. Yaron da ake kawowa awo fa? Yana wasa, yana dariya, ba zazzaɓi, ba tari. Duk mai hankali zai ce wannan ya dawo bayan ƙura ta lafa. A nan matsalar take, domin aikin bincike gaba ɗayansa an gina shi ne don yaron da a ido lafiyarsa ƙalau. Wanda ciwo ya riga ya kwantar, magani yake nema, kuma iyayensa za su keta kowane shinge su kai shi. Wanda ciwon ke ɓoye a jikinsa ba shi da mai yi masa magana. In an rufe ɗakin tiyata, ran nan za a ji koke-koke. In an rufe layin awo, ba wanda zai yi ƙara, ba jaridar da za ta buga, kuma babu gawar da za a nuna a ce ga abin da rufewar ta jawo. Shi ya sa a ko'ina a duniya shi ne ya fara shan wuƙa. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Agusta 2020 ya nuna cewa cikin ƙasashe 105 da suka ba da bayani, kashi 90 cikin 100 sun samu tsaiko a ayyukan lafiya na yau da kullum, kuma abin da ya fi shan wahala shi ne rigakafin da ake fita kai wa mutane har garuruwansu, wanda kashi 70 na ƙasashen suka ce ya samu cikas.

A takarda, dokar kulle ba ta hana kowa zuwa asibiti ba. A kan titi labarin daban ne. Ba adaidaita sahu, ba motar haya, ga shingayen jami'an tsaro. Mace mai goyo da ke zaune kilomita biyar daga asibiti, me za ta gaya wa wanda ya tare ta? Ta ce yaron ba shi da lafiya, ga shi yana wasa da mayafinta. Ta ce awo za ta kai shi, a ce mata ta koma gida. A ranakun da aka sassauta don a fita cefane kuwa, sa'o'in kaɗan ne, kuma gidan da maigida ya yi kwanaki bai fita nema ba, kuɗin da ya samu na gero ne, ba na motar asibiti ba. Ita kanta malamar asibitin, sau da yawa daga wata unguwa ko wani gari take zuwa, ita ma hanyar ta tsare ta.

Sai tsoro, wanda ya fi shingen titi ƙarfi, ya kuma fi shi daɗewa. Mutane sun ji cewa duk wanda ya je asibiti da zazzaɓi ko tari za a ce korona ce, a killace shi. Ma'aikatan lafiya su ma suna cikin fargaba, da dalilinsu: kayan kariya sun yi ƙaranci, abokan aikinsu na kamuwa, wasu asibitocin kuɗi sun rufe ƙofa. Awon yaro kuwa aiki ne na taɓawa. Ba yadda za ka auna damtse ko ka leƙa ido daga nesa da taku shida. Sikelin da yara hamsin za su shiga ɗaya bayan ɗaya, tsinken awon da za a zagaya hannu bayan hannu, duk sun koma abin zargi.

Kada mu manta tsoron nan a kan tsohon miki ya sauka. Kano ba ta mance da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara yayin annobar sanƙarau, ba ta kuma mance da dakatar da rigakafin shan-inna na 2003 zuwa 2004 ba. Shekaru aka kwashe sarakuna da malamai da masu unguwanni suna ɗinke wannan ɓaraka. Da jita-jitar rigakafin korona ta fara yawo a WhatsApp, ba ta tsaya kan allurar manya ba. Uwar da aka ce mata akwai wata allura da za a zo da ita da mugun nufi ba za ta tsaya bambanta wannan kwalba da waccan ba. Sai ta ajiye katin a ƙarƙashin katifa.

Akwai kuma abin da jama'a ba sa gani, wato karkatar da ma'aikata da kayan aiki. Tsarin da aka gina shekara da shekaru don farautar shan-inna, da jami'an sa-ido a kowace ƙaramar hukuma da motocinsu da hanyoyin kai samfur, shi ne mafi ƙarfin abin da ƙasar ke da shi, don haka shi aka juya wajen bin sawun masu korona. Na'urorin GeneXpert da ake gwada tarin fuka da su, an fara amfani da wasunsu wajen gwajin korona. Ɗakunan gwaje-gwaje masu na'urar gano ƙwayar cuta daga ƙwayoyin halittarta, waɗanda ke duba jinin jarirai, su ma an ɗora musu sabon kaya. Ba laifi ba ne a yi hakan, gobara ce ta tashi aka ɗebi ruwan da ke kusa. Sai dai ruwan na randar yara ne.

A ƙarshen Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dakatar da manyan gangamin rigakafi na wucin gadi, a ci gaba da na yau da kullum a asibiti inda hali ya yi. Gangamin shan-inna na gida-gida ya tsaya. Makon lafiyar mata da ƙananan yara, wanda ake yi sau biyu a shekara, inda ake ɗiga bitamin A, a ba da maganin tsutsar ciki, a auna damtsen yara masu yawa a 'yan kwanaki, an ɗage shi a wurare da dama. Ga yaron ƙauyen da ba asibiti kusa, wannan makon shi ne kaɗai awonsa na wata shida. Makarantu ma sun rufe tun Maris har wajen ƙarshen shekara, malamin aji da kan lura cewa wannan yarinya ba ta ganin allo, wancan yaron ba ya ji sai an ɗaga murya, shi ma ya daina ganinsu.

Kowane bincike da daminarsa

Da a ce awo kamar biyan kuɗin wuta ne, da sai a ce wanda bai biya a Afrilu ba ya haɗa ya biya a Satumba. Ya fi kama da shuka. Manomin da ruwan shuka ya wuce shi ba zai rama a watan kaka ba, ko da irinsa na nan a rumbu.

Ɗauki shawarar jarirai. A makon farko take bayyana, ido da fata su yi rawaya. In an gani da wuri, sanya jaririn ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske na 'yan kwanaki kan wadatar. In ta yi tsanani ba a gani ba, sinadarin da ke kawo rawayar yakan haye ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa. Tsakanin wannan da wancan kwanaki ne, ba watanni ba.

Sikila ta fi ba ni tausayi, domin ita ce tamu. An kiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu ita a Najeriya duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta. Jariri mai sikila a watannin farko ba ya nuna komai, saboda jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata huɗu zuwa shida jinin ya fara sauyawa, hannu da ƙafa su kumbura, saifa ta fara gazawa wajen tace ƙwayoyin cuta. A wannan tsakanin ne zazzaɓin dare ɗaya ke ɗauke yaro, a ce ajali ne, ba wanda ya taɓa sanin yana da sikila. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum ya rage mummunan kamuwa da ƙwayar nimoniya da kashi 84 cikin 100. Magani ne mai araha, amma ba a ba wa yaron da ba a gano ba. Dama gwajin sikila ga jarirai a ƙasar nan bai wuce 'yan wurare ba, kuma inda aka gwada shi da nasara, kamar yankin Gwagwalada a Abuja, a layin rigakafi aka dasa shi, ɗigon jini ɗaya a samu sakamako cikin mintuna. In layin ya watse, gwajin ya bi shi. Ga waɗanda aka riga aka gano ma akwai wani binciken: daga shekara 2 ana auna gudun jini a jijiyoyin kai da na'ura, don a gane wanda ke dab da shanyewar ɓarin jiki a fara ba shi magani, aikin da likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala suka yi fice a kansa. Shi ma awo ne na yaron da ke tafiya da ƙafarsa, wato irin wanda ake cewa ya jira.

Jaririn da uwarsa ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ana ɗibar jininsa a sati 6, ranar allurar farko ta jerin ukun da ake yi a sati 6 da 10 da 14. In ya kamu ba a sa shi a magani ba, kusan rabin irinsa ba sa kai shekara 2. In samfurin ya kwana a asibiti don ba motar da za ta kai shi, ko ya isa ɗakin gwaji ya tarar da layin korona, ko sakamakon ya dawo uwar ba ta dawo ba, duk ɗaya ne.

Tamowa kuwa a hankali take shigowa, kamar gara. Nauyi ya tsaya wata ɗaya, ya tsaya wata biyu, uwar da ke ganin ɗanta kullum ba ta lura, kaka ta ce haƙori yake yi. Kati ne ke tona asirin, domin layin da ya kamata ya haura sama ya kwanta. Tsinken awon damtse ma haka: kore lafiya, rawaya daga santimita 12.5 zuwa 11.5 gargaɗi, ja ƙasa da 11.5 haɗari. Yaron da aka kama a rawaya, shawara da ƙarin abinci kan ishe shi. Wanda aka kama a farkon ja yana cin abinci, ana ba shi haɗin gyaɗar nan na leda ya sha a gida. Wanda ya zo ƙafa a kumbure, baki ya ƙi abinci, ga gudawa, sai gado da ƙarin ruwa, kuma a nan ake rasa su. Annobar ba tsinken awon kawai ta ɗauke ba, ta zo da tsadar abinci da rufe kasuwanni a daidai lokacin da ake shiga watannin da rumbu ke yin ƙasa. Yunwa ta ƙaru, mai ganinta ya ragu. Tun kafin korona, binciken 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma fiye da rabi. Tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara 2 da wuya take sakinsa.

Lokacin da alƙaluma suka yi ƙarya

Akwai wani tarko da ya kamata duk mai karanta rahoton hukuma ya sani. In aka daina awo, adadin masu cuta a takarda sauka yake yi. Rajistar asibiti za ta nuna an samu yara masu tamowa kaɗan a watan Mayu fiye da na bara, wanda bai san dawan garin ba ya ce an samu ci gaba. A duniya baki ɗaya, adadin sababbin masu tarin fuka da aka gano ya faɗo daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020, ba don tarin ya ragu ba. Abin sha'awa, Najeriya na cikin ƙasashe ƙalilan da adadinsu ya ƙaru a shekarar, saboda masu aikin sun fita neman marasa lafiya maimakon su zauna jiransu. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa lambar da ke rajista ƙoƙarin mai nema take aunawa kafin ta auna cutar.

Illar wannan ƙarya ba ta tsaya a takarda ba. Da waɗannan lambobi ake yin odar magani da abincin tamowa na watanni masu zuwa. An ga kaɗan, an yi odar kaɗan, sai ga yara sun dawo da yawa kuma a jigace, sito babu kaya.

Bashin ya zo daga baya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna yara miliyan 23 ne suka rasa rigakafin farko-farko a 2020, suka kai miliyan 25 a 2021, kuma yawan waɗanda suka kammala allura ukun da ke kare mashaƙo da tarin shiƙa ya sauka daga kashi 86 a 2019 zuwa 81 a 2021, koma-bayan da aka yi kusan shekara 30 ba a ga irinsa ba. A 2021 Najeriya na da yara fiye da miliyan 2 da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, muka yi murna da ta dace, amma a 2021 Najeriya ta samu yara fiye da 400 da nau'in da ke yaɗuwa a inda rigakafi ya yi ƙaranci ya shanye. A ƙarshen 2022 mashaƙo, cutar da likitoci matasa da yawa a littafi kawai suka san ta, ta ɓarke. Kano ce ta ɗauki kaso mafi tsoka, dubban yara suka kamu a 2023, ta kuma bayyana a jihar Damagaram ta Nijar.

Gaskiya ɗaya ce a nan, ba zan ɗora wa korona duk wannan ba. Da yawa daga yaran da mashaƙo ya kama sun girmi annobar, tun kafin 2020 aka tsallake su. A 2018 kashi 31 cikin 100 ne kawai na yaranmu suka kammala rigakafinsu. Tamowar da ta cika cibiyoyin jinya a Katsina da Zamfara da Sakkwato a shekarun baya-bayan nan, 'yan bindiga da suka raba manoma da gonakinsu da tsadar rayuwa suna da babban hannu a ciki. Bangon a tsage yake tun da can, annobar ta ƙara buɗe tsagar ne. Amma wannan hujja ce a kanmu, domin tsarin da ke tafiya da ƙafa ɗaya shi ya fi cancanta a kare shi ranar da iska ta taso.

Kuma ba a ce ba mu da labari ba. Ebola ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, kuma tun a 2015 masana suka yi gargaɗin cewa rushewar rigakafi a ƙasashen na iya jawo mutuwar ƙarin mutum 2,000 zuwa 16,000 ta hanyar ƙyanda. A Kwango, yayin da duniya ta zuba ido kan Ebolar gabashin ƙasar da ta kashe mutum sama da 2,200, ƙyanda ta kashe fiye da 6,000 a 2019 kaɗai, akasarinsu ƙananan yara. A 2020 ma, masu bincike a Landan sun lissafa cewa a Afirka, kan kowane mutum ɗaya da zai iya mutuwa saboda korona da aka ɗauko a layin rigakafi, ci gaba da rigakafin zai ceci yara 84. A watan Maris, lokacin da ba wanda ya san yadda cutar za ta yi da mu, ina ganin uzurin wanda ya ce a dakata. Bayan 'yan watanni, da ta bayyana cewa korona ba ta cika yi wa ƙananan yara illa ba, duk wurin da ya bar layin awo a rufe ya gudu daga gara ne ya faɗa gidan zago.

Abin da ya tsira

Abubuwa biyu sun ba ni ƙwarin gwiwa, kuma dukansu daga yankinmu suke. Na farko maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 duk wata. A daminar 2020 ba a fasa ba. An sauya salo ne kawai: mai rabo ya tsaya nesa da takunkumi a fuska, ya ajiye maganin, uwa ta ba ɗanta da hannunta yana kallo. Aikin ya tafi.

Na biyu ya fi daɗe min a rai. A Mirriya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA da takwararta ta Nijar BEFEN sun gwada wani abu shekaru kafin korona: suka koya wa iyaye mata, akasarinsu ba su yi boko ba, yadda ake auna damtsen yaro da yadda ake danna ƙafa a duba kumburi, suka bar musu tsinken a gida. Binciken da aka yi a 2013 zuwa 2014 ya nuna matan ba su gaza ma'aikatan sa-kai da aka horar ba, yaransu ma sun fi isa asibiti da wuri, kaɗan ne daga cikinsu suka buƙaci a kwantar. Launi ba ya buƙatar karatu, kuma babu ma'aikacin da zai duba yaro sau da yawa kamar uwarsa. Da korona ta zo, wannan dabara ce UNICEF da abokan aikinta suka ba ƙasashe shawarar su runguma, tare da ba da abincin tamowa na makonni da yawa a zuwa ɗaya don a rage cunkoso. Abin da matan karkarar Damagaram suka tabbatar ya zama abin koyi a ƙasashe da dama.

Amma tsinke yana da iyaka. Yana gano, ba ya warkarwa. Uwar da ta ga ja ta ɗauki ɗanta ta taka zuwa asibiti ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ko aka ce kaya sun ƙare, ba za ta sake yarda da tsinken ba, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta. Sannan ba ya ganin sikila, ba ya ganin cutar da ke cikin jini, ba ya ganin kurumta. Waɗannan dole sai an haɗu da ma'aikaci. Don haka abin da nake ganin ya wajaba a rubuta tun yanzu, kafin wata annobar, shi ne cewa katin awo a hannun uwa takardar wucewa ce a kowane shinge, cewa ba a taɓa ma'aikaciyar layin awo a kai ta wani aiki sai an ajiye madadinta, kuma a raba ranakun awo a cikin mako a yi su a fili ƙarƙashin inuwa maimakon a tara mata ɗari a rana ɗaya.

Yaran da aka haifa a shekarar kulle yanzu sun isa shiga firamare da islamiyya. UNICEF ta ƙiyasta cewa tsakanin 2019 da 2021 yara miliyan 67 a duniya sun rasa rigakafinsu, ko duka ko wani ɓangare, kuma a Afrilun 2023 aka ƙaddamar da gagarumin shirin cike giɓin, Najeriya na cikin ƙasashen da aka sa a gaba. Sai dai tsarinmu na yau da kullum an saba da jarirai ne, yaron da ya wuce shekara 2 ba ya cikin rajistar kowa, kuma kowace shekara yana ƙara nisa da layin awo. Wanda ke da ɗa ko jika ko ƙane da aka haifa tsakanin 2019 da 2021, ya nemo katinsa ya duba layukan da ba a cike ba, musamman allura ukun farko da ta ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. In katin ya ɓata, a tafi da yaron haka nan a faɗi watan haihuwarsa, ma'aikata sun san inda za su ɗora. In ba a taɓa gwada jininsa don sanin ko yana da sikila ba, a nema a wannan zuwan, a kuma gaya wa malamar in ana kiransa daga baya ba ya juyowa, ko yana matsowa dab da allo kafin ya karanta.